Babu Sunan Innata Cikin Waɗanda Za a Karrama

Tambaya:

Mama, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ne sakataren kwamitin shirya bikin cikar cocinmu na Katolika shekara 50, a nan Kumasi, gefen zango. Yawancinmu 'yan Arewacin Gana ne, Farafara da Dagarti da Kusasi da Busanga, kuma da Hausa muke jin juna. An tsara za a ba mutum 12 lambar yabo ranar bikin. Da aka miƙo mini sunayen in buga, sai na ga duk masu ba da kuɗi ne: wanda ya sayi janareta, wanda ya sa tayil, wadda ta kawo lasifika. Babu sunan Baba Katikis, mai shekara 78, wanda ya koya wa kusan dukanmu katikisim, yake fassara wa'azi, yake binne mamatanmu in Fada ba ya nan, yanzu kuma idonsa ya yi rauni. Babu sunan tsohon da ke buɗe ƙofar coci ƙarfe 5 na asuba. Babu kuma sunan innata, wadda tun 1990 take sharar coci kowace Asabar, take wanke ƙyallayen bagade da sabulun da ta saya daga cinikin kokonta.

Na ja ciyaman gefe na yi masa magana, ya ce masu irin wannan aiki ladansu yana sama, kuma kuɗin da ke ƙasa ba zai kai kowa ba. Na gaya wa Inna, ta ce in rufa mata asiri in yi shiru, ba don mutum take yi ba. In na ɗaga maganar a taro za a ce mahaifiyata nake nema wa suna. Fadanmu sabo ne, bai cika shekara ba. Saura wata 4. Raina ya ɓaci har ina tunanin in ajiye muƙamin in ƙi zuwa bikin. Me kika gani?

Ɗanki daga Kumasi

Amsa:

Ɗana, na amsa gaisuwa, Allah ya yi maka albarka. Kada ka ajiye biron nan. Cikin duk waɗanda takardar ta bi ta hannunsu, kai kaɗai ne ka duba ka ga akwai waɗanda aka tsallake. In ka fita, takardar za ta tafi wurin mai buga allunan yabo yadda take, Baba Katikis kuma zai zauna a benci na baya ranar bikin yana tafa wa wasu. Ɓacin ranka yana kan hanya, ni ma da na karanta sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru.

Maganar ciyaman rabin gaskiya ce. Ladan mai shara yana sama, haka ne. To amma wanda ya sayi janareta shi ma ladansa yana sama, ga shi kuma kun ga ya dace ku gode masa tun a nan ƙasa. Ka buɗe sura ta 16 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ka ƙirga. Mutum sama da 20 ya kira da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya fara da Fibi, wadda ya ce ta tallafi mutane da yawa har da shi kansa. A layi guda ya gai da wata Maryamu don ta yi musu aiki tuƙuru, ya gai da mahaifiyar Rufus don ta riƙe shi kamar ɗanta. Mai hannu da shuni da mai gumi, takarda ɗaya ya sa su. Saboda haka kada ka shiga taro da niyyar cire sunan kowa. Janaretan nan yana amfani, ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar Misa kowa ya shaida. Ka bar masu kuɗi da allunansu, faɗanka ba da su ba ne.

Kuma ina so ka sani, yawancin lokaci ba mugunta ke jawo wannan ba. Kuɗi yana da rasit. Ranar bikin girbi da godiya ana kiran sunan mai bayarwa a lasifika, a faɗi adadin, a tafa, ma'aji ya rubuta a littafi. In kwamiti ya zauna neman wanda za a yaba, wannan littafin ake jawowa, don shi ne a rubuce. Shara kuwa ba a ganinta sai ranar da ba a yi ta ba. Shekara 30 da ɗoriya mutane suna shigowa ranar Lahadi su tarar da benci babu ƙura, har sun ɗauka haka coci yake kwana yake tashi.

Bari in ba ka abin da ya faru a gabana, wanda har yau bai bar ni ba. A cocin da na yi aure a Akara akwai wani tsoho da ke buga mana ƙararrawa. Ba ƙararrawar kirki ba ce, tsohon wilin mota ne aka rataye a reshen darbejiya, yana dukansa da guntun ƙarfe. Damina da rani, ƙarfe 5 da rabi za ka ji shi. Yana da wata rigar sanyi ruwan toka da gwiwar hannunta ta huje, ita yake sawa lokacin hunturu. Da ya rasu muka yi abin da muka iya a ƙasar nan: aka buga babban hoto aka manna a bakin titi, aka kafa rumfuna, aka buga littafin tarihinsa mai shafuka da yawa, ƙungiya bayan ƙungiya ta tashi ta karanta yabo. Ina zaune kusa da matarsa. Tana sauraro, tana murza bakin zanenta da yatsu. Can sai ta karkato ta ce mini a hankali, "Da ya ji rabin wannan da kunnensa." Daga baya na gano shekara biyu na ƙarshe da ƙafa yake zuwa daga nesa, don kuɗin motar haya ta tirotiro ya gagare shi, kuma ni ina cikin masu wuce shi a hanya muna ɗaga masa hannu. Duk abin da muka kashe ranar Asabar ɗin nan ihu ne bayan hari. Ku mutanen Kumasi kun fi kowa sanin yadda ake ƙawata jana'iza, kowace Asabar gari ja da baƙi. Baba Katikis yana da shekara 78. Kada ku jira ranar rumfa.

Sabon Fadanku bai san wannan tarihin ba, kuma ba laifinsa ba ne, waɗanda ke shiga ofishinsa su ya sani. Wani ya zaunar da shi ya gaya masa a kan wa cocin 'yan Arewa ya tsaya a Kudu. Fadojin mishan sun sauka Nabarongo a Arewacin Gana a 1906, suka buɗe Jirapa a 1929. Daga can iyayenku suka gangaro neman aiki, gonakin koko, ramukan zinariya na Obuwasi, barikin soja da na 'yan sanda, dako a kasuwa. Suka sauka a zango tare da Musulmi, Hausa ta zama harshen da Bafarafare da Badagarte za su yi ciniki da shi su kuma yi addu'a da shi. In sun je coci, wa'azi da Tonanci ne, harshen mutanen Asante, ko Turanci. Wa ya tsaya gefen bagade yana juya maganar Fada zuwa harshen da mai dako zai gane? Wa ake bugo wa ƙofa tsakar dare in wani ya mutu babu dangi kusa? Katikis. Fadoji suna zuwa suna tafiya, a sauya su bayan 'yan shekaru, shi yana nan. Ba banza ba a 2021 Fafaroma Faransis ya fitar da doka ya mai da aikin katikis hidima tabbatacciya a cikin Ikilisiya. Bikin shekara 50 da ba a ambaci mutumin nan ba, tarihin rabi aka karanta.

Yanzu ga yadda nake ganin za ka bi. Kada ka fara da taron kwamiti, inda ciyaman zai ji an tsinka shi gaban jama'a ya kafe. Ka nemi shugabar ƙungiyar Iyaye Mata Kirista da wani dattijo da ake jin maganarsa, ko daga ƙungiyar Santa Binsan da ke kula da mabuƙata, ku uku ku je wurin Fada. Kada ku kai masa sunaye, ku kai masa ma'auni: duk wanda ya yi wa cocin nan hidima shekara 25 ko fiye ba tare da albashi ba, a karrama shi ranar bikin. Kowace ƙungiya ta kawo nata, mawaƙa, masu shara, masu jera benci, masu kai wa marasa lafiya ziyara, masu dafa abinci in an yi rasuwa. In ma'auni ya riga suna zuwa, babu mai cewa an yi son kai. Sa'an nan kai da bakinka ka faɗa tun a zaman farko: "Mahaifiyata tana iya faɗowa cikin wannan ma'auni, don haka in an zo tantance sunaye zan fita waje." Ka fita ɗin kuwa. Wanda ya yi niyyar gulma zai yi, amma ka riga ka kwashe masa itacen da zai hura wutar.

Ka koma wurin ciyaman kafin ranar taro, kai kaɗai, da ladabi. Ka nuna masa ba takardarsa za a yaga ba, ta biyu za a ƙara, kuma shi ne zai gabatar da ita in yana so. Babba yana son a bar masa ƙofar da zai fito da girmansa.

Batun kuɗi bai kai yadda ake faɗa ba. Abin da ya fi tsada a karramawa ba a sayensa a kasuwar Kejetiya. Ka tura matasa biyu-biyu da waya su je gidajen tsofaffin nan su zauna su yi tambaya: yaushe kika fara, wa ya sa ki, wace rana ce ba za ki manta ba? A buɗe littafin baftisma a ƙirga mutum nawa suka bi ta hannun Baba Katikis. Domin in aka tashi ranar biki aka ce "muna godiya ga duk masu yi wa coci hidima", ba a gode wa kowa ba. A kira suna, a faɗi shekara, a faɗi aikin dalla-dalla, har sabulun nan na kuɗin koko. Kuma a faɗa da Hausa, da Farafaranci ko Dagartanci in ya samu, harshen da tsohuwa za ta ji ya shiga ƙirjinta, kada a karanta mata dogon Turanci tana murmushin kara. Idan aka zo kan Baba Katikis, mai gabatarwa ya ce duk wanda ya koyi katikisim a hannunsa ya miƙe tsaye. Za ka ga likita ya miƙe, direba ya miƙe, kaka da jikarta sun miƙe, wataƙila har da wanda ya sayi janaretan. Tunda idonsa ya yi rauni, wani ya tsaya kusa da kunnensa yana gaya masa su wa da wa suka tashi. Wannan ko sidi ɗaya ba zai ci ba.

Kyauta kuma a duba mutum kafin a saya. Allon katako mai rubutun zinariya ya dace da mai falo da bangon ratayewa. Tsohuwar da ke ɗaki ɗaya a gidan haya za ta nannaɗe shi a leda ta tura ƙarƙashin gado. A ba ta turmin atamfa mai kyau, GTP ko makamancinta, wanda za ta ɗinka ta sa ranar Ista ta ce cocina ne ya ba ni. Maza a ɗinka musu fugu, rigar gidansu. A haɗa da takardar shaida mai sa hannun Fada, don 'ya'ya da jikoki su gani. In kuɗi ya gaza, a rage rumfa ɗaya, a rage lemon manyan baƙi, ko kowace ƙungiya ta ɗauki nauyin tsoho guda.

Amma idon Baba Katikis ya fi fugu gaggawa, kuma wannan kada ya jira wata 4. A kai shi asibiti a duba cikin makon nan. A tsarin inshorar lafiya ta ƙasa, wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara, kuma ana sabunta kati ta waya da *929#. Tsofaffi da yawa katinsu ya mutu ba su sani ba sai sun isa gaban tagar asibiti. In yanar ido ce, aikin cire ta yana cikin abin da inshorar ke ɗauka. Tabarau ne ba ya ciki, wannan sai ku haɗa masa. A sa mutum ɗaya cikin matasa ya riƙe lambobin katin tsofaffin nan duka da ranar da kowanne zai ƙare. Kuma in akwai wani ɗan alawus da aka yi wa katikis alkawari aka daina biya, a biya shi tukuna. Ba a rufe bashi da lambar yabo.

Akwai kuma abin da ya wuce farish, wato cocinku, in Fada ya yarda. Fadar Fafaroma tana ba da lambobin girma ga waɗanda suka daɗe suna yi wa Ikilisiya hidima, har da waɗanda ba limamai ba. Ɗaya ita ce Benemerenti, ɗaya kuma Pro Ecclesia et Pontifice, wadda Fafaroma Liyo na 13 ya kafa a 1888. Fada ne ke rubuta wa Babban Bishop, a Kumasi Gabriel Justice Anokye ke nan, in ya amince sai takarda ta bi ta ofishin jakadan Fafaroma a Akara zuwa Rum. Abin yana cin watanni kuma ba dole a samu ba, don haka kada a yi wa tsoho alkawari a sa masa rai. Ba a fafe gora ranar tafiya: in za a nema, a rubuta yanzu, ko da sai bayan biki za ta iso. Wasiƙar godiya daga Babban Bishop ta fi sauƙin samu, kuma a wurin mutum irin Baba Katikis ba ƙaramin abu ba ce. Ka tuna da Peter Porekuu Dery, ɗan Arewa kamar ku. Yana da shekara 87 aka naɗa shi Kadinal a 2006, a keken guragu aka kai shi gaban Fafaroma Benedik, ya rasu a 2008. Shekara biyu kawai ya yi da jar hular, amma ya sa ta a kansa, mutanensa kuma sun gani.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma na ga ya ɓata irin wannan biki. Tsoho yakan ji karramawa kamar sallama. A ba ta atamfa ranar Lahadi, ranar Asabar ta zo ta tarar an ba wasu 'yan mata tsintsiyarta, an ce Mama ki huta. Ta koma gida, bayan wata uku ta kwanta ciwo. Sharar nan ita ce addu'arta, ita ce fitarta, can take haɗuwa da ƙawayenta. Kada a karɓe tsintsiya daga hannun Inna. A ba ta yara biyu su ɗauki bokiti su hau sama share yana, ita ta nuna musu yadda ake ninke ƙyallen bagade da inda ake ajiye shi. Tsohon mai buɗe ƙofa a bar masa makullinsa, a samu saurayi mai babur ya riƙa ɗauko shi da asuba.

Saura Inna da maganarta. Na san irin matan nan, kuma na yarda har zuciyarta take faɗa. Tana riƙe da koyarwar nan cewa hannun hagu kada ya san abin da na dama ya bayar, ta kuma cika ta shekara da shekaru. Sai dai umarnin na mai bayarwa ne, kada ya yi wa kansa shela. Bai ɗaure bakin waɗanda suka amfana ba. Ita ba ta nema ba, ku ne ake bi bashin godiya. Akwai kuma kunya, da tsoron kada a ce ɗanta ya yi amfani da kujerarsa. Shi ya sa bai kamata maganar ta sake fitowa daga bakinka ba. Bari Fada da shugabar mata su je har gida su same ta, su ce coci ne ya yanke, kuma ba ita kaɗai ba ce, ga wance ga wane. Tsohuwar da za ta ƙi tashi ita kaɗai takan tashi in an ce tare da ƙawayenta ne. Kada a yi mata ba-zata a kira sunanta tana zaune ba shiri. In kuma bayan duk wannan ta ce ba za ta fito gaba ba, a girmama maganarta: a karanta sunanta tana wurin zamanta, a yi Misa da niyyarta, a kai mata atamfarta gida da yamma.

In ta amince, ka gayyato mutanenta na zango, maƙwabta da masu sayen kokonta, ko da yawancinsu Musulmi ne. Su ne suka san ƙarfe nawa take tashi ta dama koko kafin ta wuce coci. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A 2019 Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya je cocin Christ the King a Akara ranar Ista, lokacin da yake cika shekara 100. A tanadar musu kujeru da abincin da za su iya ci, a kuma kula da lokacin sallarsu.

Idan kuwa ka bi duk hanyoyin nan kwamiti ya ƙi, ka buga takardarsu yadda suka ba ka, ka je bikin, ka zauna kusa da Inna. Daga baya ku matasa ku nemi Fada ya ba ku Lahadi ta huɗu ta watan Yuli, ranar kakanni da tsofaffi da Fafaroma Faransis ya kafa a 2021, ku yi naku a ranar. Ko kwamiti ya yarda ma, ina so ku riƙe ranar nan kowace shekara, a karrama mutum biyu ko uku, don kada wani ya sake jiran bikin shekara 75.

Asabar mai zuwa ka bi Inna coci ka ɗaukar mata bokiti. Kuna aiki ka tambaye ta wa ya fara miƙa mata tsintsiya a 1990, kuma su wa suke shara tare a lokacin. Za ta kira maka sunayen da ba ka taɓa ji ba. Ka rubuta su, don wataƙila wasunsu suna nan da rai a unguwar Aboabo ko Tafo, ƙafa ce kawai ta hana su zuwa. Ka haɗa da su cikin abin da za ku kai wa Fada, sa'an nan ka rubuto mini in ji yadda kuka yi da shi, da abin da likita ya ce game da idon Baba Katikis. Ka gaishe mini da Inna.